Kan Jirgi Biyu, Dogo Ɗaya

Dogo bai taɓa zuwa Sakkwato ba,
a Ƙauran Namoda ya gaji ya tsaya.
Kakana Arzika ne ya ƙaraso da shi
cikin akwatin kwano, ran da ya bar aikin reluwe,
ya shimfiɗa shi a shagonsa na Runjin Sambo
bisa tsohon ƙyaure, tsakanin matattun rediyo da tarin waya.

Kan jirgi biyu gare shi, kowane bai fi tafin hannu ba.
Baƙin tun zamansa na Zariya,
sai ya yi tari, ya yi tunani, kana ya motsa taya.
Koren kawu Ladan ya aiko daga Ikko,
ɗanyen jini, bai san sannu ba,
a ba shi wuta kaɗan, ya cinye hanya.

Ya ce, Inno, riƙa agogo, mi kika gani?
Na ce, kore daƙiƙa sha huɗu,
baƙi ashirin da ɗaya.

Muka ɗaura su, kore a gaba.
Ya ja tsohon kamar akuyar da ta ƙi kasuwa,
ƙafafu na kurɗe, ƙugiya na kuka.
Muka mai da shi baya.
Ya tunkuɗo, ya tunkuɗo, har a kwanar bakin taga
tarago uku suka kife,
geron da muka yi wa lodi ya watse,
na bi shi da tsintsiya.

Na ce, Kaka, a bar koren shi kaɗai mana.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Tarago tara, ga hawan bulo,
wa kika taɓa gani ya kai su shi ɗaya?

Daren farko na baƙin ne.
Man keken ɗinki a bakin tsinke, ɗigo, ɗigo,
auduga da kananzir a kan kowace taya,
ya ciro wani gashi da ya naɗe a gindin gatari
wanda ya ce ya girme ni.
Agogo ya ce sha tara.
Iyakarsa ke nan, in ji shi, kada a tambayi tsoho abin da ya bar wa jiya.

Dare na biyu na koren.
Ya farke cikin wata rediyo,
ya ciro ƙwaya mai zobba ja da ruwan ƙasa,
ya ɗiga dalma, hayaƙi ya tashi,
kore ya koma ashirin da biyar, yana jan jiki kamar mai jin kunya.
Ya sake wata. Sha bakwai. Ya sake wata.
Aka ɗauke wuta, muka zauna da fitila
muna jin injin niƙan maƙwabta yana mutuwa.

Dare na uku bai ɗaura su ba.
Ya jera su, ya bar faɗin akwatin ashana a tsakiya,
ya ce, bar agogo, dubi ratar nan kawai.
Suka kewaya. Suka kewaya.
Ratar ta buɗe kamar ƙwayar gero, a kwana ta rufe,
zagaye goma, ba wanda ya taɓa wani,
ba wanda ya bar wani a baya.
Sannan ya sa ƙugiya.
Tarago tara suka hau bulo, ba kuka, ba fizga,
in ka rufe ido ka ce inji ɗaya.

Ya kulle shago bayan isha.
Na kai wajen mai shayi kafin na waiwaya,
yana can gindin dogon yaro, shi da gwiwarsa da sanda.
Na tsaya gyaran takalmin da bai ɓaci ba.
Da ya iso na rage taki, na ji ya ƙara nasa.
Bai ce komai ba, ni ma haka,
muka miƙe hanya.